Sukarin da Ke Hawa da Asuba

Masu ciwon sukari irin na biyu sukan yi mamaki ƙwarai. Mutum ya kwana bai sa kome a baki ba, amma da gari ya waye sai awo ya nuna sukari ya hau. Daga ina ya fito?

Daga hanta ne. Tun wajen ƙarfe 3 na dare, jiki yakan saki waɗansu sinadarai masu shirya mutum domin tashi. Su ne ke sa hanta ta zuba wa jini sukarin da ta ajiye. Ga mai lafiya, insulin yakan kwashe shi nan da nan. Ga mai ciwon kuwa, insulin ba ya iya aikin sosai.

Saboda haka kada ka kwana da yunwa don tsoro. Ci tuwonka da wuri, rage malmala, ƙara miyar ganye, ka ɗan taka bayan ci. Likitoci sukan so awon safe, kafin karin kumallo, ya tsaya tsakanin 80 da 130. Rubuta awonka har mako guda, ka kai wa likita. Kada ka ƙara magani da kanka, gama sukari yana iya faɗuwa ƙasa da tsakar dare kana barci, ba wanda ya sani.