Jarrabawar Lauyoyi da Ɗan Manomin Fulatan

Duk wanda ya ga yadda manomin Fulatan, a ƙasar Rogo, yake fitar da buhunan masara da dawa kasuwa tun kaka ba ta yi nisa ba, domin ɗansa ya samu ya kammala shekara biyar na karatun shari'a a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, zai fahimci nauyin da ke wuyan yaron nan ran da ya ɗauki akwatinsa ya nufi Bagauda, inda reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya yake. Domin kuwa digirin nan, duk da wahalarsa, bai halatta masa tsayuwa gaban alƙali ba, har sai ya ci jarrabawar ƙarshe ta wannan makaranta, wadda ta fara karatu a Ikko a 1963 da ɗalibai 8 kacal.

Fanni biyar ake jarrabawa a kai: shari'ar laifuffuka, da ƙararrakin haƙƙi, da dokar kamfanoni, da ta filaye da gidaje, sai ladubban aikin lauya. A jami'a an saba tambayar ɗalibi hukunci da hujjarsa. A nan kuwa sai a ce masa ya rubuta takardar tuhuma, ko yarjejeniyar cinikin gida, ko wasiyya, cikin Turancin kotu wanda kuskuren kalma ɗaya kan ɓata shi, alhali lokaci yana ƙurewa, hannu yana rawa. A da kuma akwai wata ƙa'ida da ta yi shekaru tana hana ɗalibai barci, wato fannin da mutum ya fi rauni a cikinsa shi ne mizanin darajarsa baki ɗaya, ko da ya yi zarra a sauran huɗun. A ganina wannan tsanani ya kayar da masu hazaƙa da dama.

Magabatanmu da suka ratsa Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka kafa a 1934 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sun fito ne daga zaurukan da ake maimaita littattafan Muhtasar da Tuhfa har su zauna a ka, ba wanda ya taɓa ɗaukar maimaicin abin kunya. Haka wanda ya faɗi a Bagauda yana da damar sake zama.

Saboda haka, jama'ar Karaye da Rogo, in ɗanku ya dawo bai ci ba, kada a yi masa gori a majalisa. A haɗa masa kuɗin sake rajista, a ɗauke masa aikin gona ya koma kan littafi, domin rigingimun gona da gado da ke gabanmu suna bukatar lauyan da ya san ƙasar nan da harshenta.