Alsatian ko German Shepherd: Yadda yaƙin duniya ya sauya wa kare suna

Duk wanda ya taɓa neman karen gadi a Kaduna ko Jos ko Abuja, da wuya a ce bai ci karo da wannan gardama ba. Mai sayarwa zai ce 'yan kwikwiyonsa German Shepherd ne na asali, na maƙwabcinsa kuwa Alsatian ne kawai, don haka kuɗinsu ba zai zo ɗaya ba. A wani wurin kuma sai a juya maganar, a ce Alsatian ɗin ne ya fi tsada.

Sunayen biyu na kare ɗaya ne, wanda jama'a da dama suka fi sani da karen 'yan sanda. Abin da ya raba sunan gida biyu shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Karen kiwo ne tun asali

A shekarar 1899 wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, ya ga wani kare a wajen baje kolin karnuka. Ƙarfinsa da basirarsa suka burge shi, ya saye shi, ya raɗa masa suna Horand von Grafrath. A shekarar ce ya kafa ƙungiyar masu kiwon wannan iri, Horand kuma ya zama na farko a littafin rajistarta.

Jamusawa suna kiran karen Deutscher Schäferhund. Schäfer na nufin makiyayin tumaki, Hund kuma kare. Da sunan ya shiga Ingilishi sai aka fassara shi kai tsaye, ya zama German Shepherd Dog, wato karen makiyayi na Jamus. Aikinsa na farko ke nan, tattara tumaki da tsare su. Gadi da aikin 'yan sanda daga baya suka zo.

Lokacin da sunan Jamus ya zama abin gudu

Yaƙin da aka gwabza daga 1914 zuwa 1918 ya bar ƙiyayyar Jamus mai tsanani a zukatan 'yan Birtaniya. Abin bai bar ko fada ba. A 1917 Sarki George na Biyar ya ajiye sunan gidan sarautarsu na Jamusanci, Saxe-Coburg and Gotha, ya ɗauki Windsor. Idan sarki ya sauya suna, ina ga kare?

Sai dai sojojin da suka dawo daga fagen daga sun ga irin aikin da karen ya yi wa dakarun Jamus, wajen kai saƙo da gadi da nemo waɗanda suka jikkata, kuma suna son sa. Matsalar ita ce ba mai son a ji kalmar Jamus a jikin abin da ya ajiye a gida.

Da ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya, Kennel Club, ta fara yi wa irin rajista a 1919, sai aka kira shi Alsatian Wolf Dog. Kalmar Alsatian a Ingilishi na nufin mutum ko wani abu daga Alsace, yankin da ke kan iyakar Faransa da Jamus, inda birnin Strasbourg yake. Jamus ta ƙwace yankin a 1871, Faransa ta karɓe shi bayan yaƙin. Wato an ɗauki karen Jamus an jingina shi ga ƙasar da Jamus ta yi asararta, alhali ba can ne tushen irin ba.

Ragowar sunan ma ya jawo nasa rikicin. Wolf Dog na nufin kare mai alaƙa da kyarkeci, mutane kuwa suka ɗauka barbarar kyarkeci ne, suka shiga tsoronsa. Ba shiri aka yanke wannan ɓangare, ya rage Alsatian.

A Amurka ma an cire kalmar German daga sunan a 1917, amma su ba su daɗe sosai ba suka mayar da ita. Farin jinin Rin Tin Tin, karen da wani sojan Amurka, Lee Duncan, ya tsinta a Faransa a 1918 ya kuma zama tauraron fina-finai, ya taimaka wajen wanke irin a idon jama'a.

Birtaniya kuwa sai a 1977 ta amince da sunan German Shepherd Dog, bayan matsin lamba daga masu kiwon karen. Ko a lokacin ma an bar Alsatian a gefen sunan, sai a 2010 aka goge shi gaba ɗaya.

Yadda sunayen suka haɗu a Najeriya

Ingilishin Najeriya gadon Birtaniya ne, kuma har aka samu 'yancin kai a 1960 Alsatian ne sunan karen a hukumance a can. Shi ya sa ya zauna a bakin dattawa. Matasa kuma suna ganin German Shepherd a intanet da fina-finan Amurka. Da sunayen biyu suka haɗu a kasuwa ɗaya, sai wasu suka ƙirƙiro musu bambanci, wani ya ce tsawon gashi ne, wani ya ce launi ko sunkuyawar baya.

Waɗannan bambance-bambance suna nan, amma a cikin iri ɗaya suke. Akwai mai dogon gashi da mai gajere, akwai zuriyar da ake kiwo don aiki da wadda ake kiwo don gasar nuna kyau. Abin da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne takardun asalin iyayen kwikwiyon, da katin rigakafinsa, musamman na ciwon haukan kare, da kuma lafiyar ƙugun iyayen, domin ciwon ƙugu na cikin cututtukan da wannan iri ke gada.