Izini daban, haƙƙi daban: zaman Bature a ƙasar da ba tasa ba

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. A matsayina na ɗalibin harshe, na daɗe ina nazarin yadda Tarayyar Turai ta cire wa 'ya'yanta wannan suna na baƙo idan sun ƙaura daga wata ƙasarta zuwa wata. A ganina, maganar ta rataya ne a kan kalmomi biyu, wato izini da haƙƙi. Izini roƙonsa ake yi, wanda ya bayar kuma yana iya janyewa. Shi kuwa haƙƙi, wanda ya hana shi ne zai kawo hujja.

Yarjejeniyar Rum ta 1957 ma'aikata ta buɗe wa ƙofa. Ta Mastirik, a 1992, ita ce ta mayar da ɗan kowace ƙasa mamba ɗan Tarayyar baki ɗaya. Sannan dokar 2004 ta shimfiɗa matakai uku. Ɗan Sifen da ya sauka a Jamus zai zauna wata 3 da fasfo ko katin shaida kawai. Idan zai wuce haka, sai ya kasance yana aiki ko sana'a, ko kuma yana da abin da zai riƙe kansa tare da inshorar lafiya. Bayan shekara 5 a jere, zamansa ya zama na dindindin. Iyalinsa ma, ko da ba Turawa ba ne, suna cin albarkacinsa. Idan hukuma ta tauye shi, kotun ƙasar na nan, a bayanta kuma akwai kotun Tarayyar da ke Lukzambak.

Sai dai fa haƙƙin ma yana iya salwanta. A 2004, da ƙasashe 10 suka shiga Tarayyar, Birtaniya ta karɓi ma'aikatansu nan take, yayin da Jamus ta jinkirta har 2011. Kwararowar mutane, musamman daga Folan, ta zama abin yaƙin neman zaɓe. A 2016 aka kaɗa ƙuri'ar ficewa, a ƙarshen 2020 kuma aka rufe ƙofar. Miliyoyin mazauna suka koma cike takardar neman zama a garuruwan da suka haifi 'ya'yansu.

Mu ma a nan muna da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba da kwana 90 ba tare da biza ba, amma ba ta hana Nijeriya korar baƙi a 1983 ba. A 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya yi shekara 20 a Kano, me yake riƙe da shi a yau, izini ko haƙƙi? Wajibi ne shugabanninmu su amsa wannan a rubuce, da sharuɗɗa bayyanannu da kotun da talaka zai iya kai ƙara. Allah Ya sa su ji.