Ƙurajen fuska da tabonsu: a karanta kwali kafin a shafa

A wannan shafi mun saba yin magana a kan zazzaɓin cizon sauro, da gudawar yara, da cututtukan gero da wake. Yau za mu yi magana a kan fuska. Wani zai ce ƙurajen fuska ba ciwo ba ne, tunda ba sa kwantar da mutum, ba sa hana shi zuwa gona. Gaskiya ne ba sa kisa. Amma akwai budurwar da ta daina zuwa biki saboda su, akwai saurayin da ba ya iya ɗaga kai a cikin tsaransa. Abin da ya fi damunmu shi ne abin da mutane suke shafawa domin su rabu da su. Sau da yawa ƙurjin zai warke da kansa, amma ɓarnar man da aka shafa takan zauna shekaru.

Daga ina ƙurajen suke fitowa?

Fatar mutum cike take da ƙananan ƙofofi inda gashi yake fitowa. A gindin kowace ƙofa akwai ƴar jaka mai yin maiƙo, wanda yake hana fata bushewa. Lokacin balaga jiki yakan ƙara yawan wannan maiƙo. Idan matacciyar fata ta haɗu da shi, sai su toshe ƙofar, kamar yadda laka take toshe indararo. A cikin ƙofar da ta toshe, wasu ƙwayoyin cuta da dama can suna zaune a fatar kowa sai su sami abinci su hayayyafa. Daga nan wurin ya kumbura, ya yi zafi, wani lokaci ya tara mugunya.

Saboda haka ƙazanta ba ita ce ke kawo su ba. Baƙin ɗigon da ake gani a kan hanci maiƙo ne da ya sha iska ya yi baƙi. Wanda yake dirje fuskarsa da soso da sabulu mai kaifi sau biyar a yini yana ƙara wa kansa ciwo ne. Ba sammu ba ne kuma, ba a ɗaukarsu wurin wani. Mutane suna yawan zargin gujiya, amma masu bincike sun fi zargin yawan sukari da kayan zaƙi.

Ga mu baƙar fata akwai wata matsala ta biyu. Idan ƙurji ya warke yakan bar baƙin tabo. Ƙurjin yana iya yin mako ɗaya, tabon kuwa ya yi wata shida ko fiye, musamman idan an matse shi da farce ko rana tana dukansa kullum. Wannan tabo shi ne yake kai ƴan mata da matan aure wurin masu sayar da man shafawa a kasuwa.

Man kasuwa da jan fuska

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, har da kasuwannin ƙauye, ana sayar da mayukan da ake cewa suna goge tabo su sa haske. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da wani magani mai ƙarfi da ake kira kortizon. Likitoci suna ba da shi domin wasu cututtukan fata, na ƴan kwanaki kaɗan, kuma suna yin kaffa-kaffa da shi a fuska. Idan an fara shafa shi, cikin mako ɗaya ko biyu sai a ga fuska ta yi fes. Nan ne yaudarar take. Bayan wasu watanni sai fatar ta yi siriri, ƙananan jijiyoyi su bayyana, kumatu su yi ja, rana ta riƙa ƙona su. Ƙuraje sababbi su fito masu yawa, dukansu girma ɗaya. Wasu matan gashi yakan tsiro musu a fuska. Idan ana shafa shi a jiki duka na tsawon lokaci, yana kawo nankarwa, yana hana rauni saurin warkewa, yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari.

Wasu mayukan kuma suna ɗauke da idrokinon, wanda idan an daɗe ana shafawa yakan mayar da kumatu baƙi ƙirin, baƙin da yake da wuyar fita. Akwai sabulai da mayuka masu zaiba, ita kuwa tana lalata ƙoda, tana cutar da jaririn da ke ciki da wanda ake shayarwa. Saboda irin wannan ɓarna ne ƙasar Kodebuwa ta hana sayar da irin waɗannan mayukan sauya launin fata a shekarar 2015.

To, ga amfanin yaƙi da jahilci. Wanda ya iya haɗa baƙaƙe yana iya duba kwalin da kansa. Idan kun ga an rubuta clobétasol ko bétaméthasone, wannan kortizon ne. Idan kun ga hydroquinone ko mercure, ku ajiye. Kwalin da bai faɗi abin da ke ciki ba kuwa ya fi kowane abin tsoro.

Akwai wani jan fuskar da ba man kasuwa ne yake kawo shi ba. Likitoci suna kiransa rozase. Ya fi kama manya da suka wuce shekara 30, kuma ya fi bayyana ga masu farar fata. Amma baƙaƙe ma suna yinsa, sai dai jan ba ya fitowa sosai. Abin da mutum zai ji shi ne zafi da raɗaɗi a kumatu da hanci da goshi, wurin ya yi duhu fiye da sauran fuska, da ƙananan ƙuraje. Wani lokaci idanu su riƙa yi kamar an zuba musu yashi. Zafin rana, da zama kusa da murhu, da yaji mai yawa, da shayi mai zafi ƙwarai, da barasa, duk suna tayar da shi.

Maganin da ake kira asid azelayik

Cikin magungunan da likita yake iya rubutawa domin ƙuraje da tabo da rozase akwai wani mai da ake kira asid azelayik. A kan kwali za ku ga an rubuta acide azélaïque. Kada kalmar asid ta ba ku tsoro, wannan ba irin ruwan batir ba ne. Ana samunsa kaɗan a cikin ƙwayar alkama da sha'ir. Amma manoman alkama na Ƙonni kada su ce za su kwaɓa gari su shafa, domin abin da ke cikin hatsin bai kai ya yi magani ba. Wanda ake sayarwa a farmasi a masana'anta ake haɗa shi.

Yadda aka gano amfaninsa abin sha'awa ne. A shekarun 1970 wasu masu bincike a birnin Roma na ƙasar Italiya suna nazarin kyasbi, suna son su san dalilin da ya sa wurin da ya kama yakan yi haske. Sai suka lura cewa ƙwayar cutar da ke kawo kyasbi tana iya yin wasu sinadarai masu rage aikin abin da ke ba fata launi, asid azelayik yana cikinsu. Aka fara gwada shi a kan baƙin tabo, daga baya aka ga yana warkar da ƙuraje ma. Amurka ta amince da shi a matsayin maganin ƙurajen fuska a 1995, sannan ta amince da shi domin rozase a 2002.

Yana zuwa iri biyu. Akwai mai kauri wanda aka rubuta 20% a jikinsa, shi aka fi bayarwa domin ƙuraje. Akwai mai ruwa-ruwa wanda aka rubuta 15%, shi aka fi bayarwa domin rozase. Sunayen da aka fi saninsa da su su ne Skinoren da Finacea. Yana buɗe ƙofofin da suka toshe, yana rage ƙwayoyin cutar da ke ciki, yana kwantar da kumburi da ja. Yana kuma rage baƙin tabo, kuma a ganinmu wannan ne babban amfaninsa ga mutanenmu, domin mai ɗaya yana yin maganin ƙurjin da tabon tare.

A nan sai mu ja kunne. Wannan ba man sa fari ba ne. Yana aiki ne a wurin da launi ya yi yawa fiye da kima, ya mayar da shi kusa da sauran fata. Wadda ta saye shi da nufin ta zama fara ta yi asarar kuɗinta.

Wani abin da ya sa likitoci suke sonsa shi ne, kaɗan ne ƙwarai yake shiga jini. Shi ya sa yana cikin ƴan magungunan ƙuraje da ake iya ba mai ciki da mai shayarwa. Wasu magungunan ƙurajen haramun ne ga mai ciki. Ƙwayar doksisikilin tana ɓata haƙoran yaro, wata ƙwaya kuma mai suna izotiretinoyin tana nakasa jariri tun yana ciki. Saboda haka mace ta faɗa wa likita gaskiya idan tana da ciki, ko tana zaton tana da shi, tun kafin ya ɗauki alƙalami.

Yadda ake shafawa

A wanke fuska da ruwa mai tsabta da sabulu marar kaifi, da hannu kawai, ban da soso. A tsane ta da ƙyalle mai tsabta, a bari ta bushe. Sai a matso man kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya, wajen santimita 2 da rabi. Wannan ya ishi fuska duka. A shafa shi siriri a duk wurin da ƙurajen suke fitowa, ba a kan ƙurji ɗaya-ɗaya kaɗai ba, domin yana hana sababbi fitowa. A kiyaye ido da baki da cikin hanci, idan ya shiga a wanke da ruwa mai yawa. A wanke hannu bayan an gama. Ana shafawa sau biyu a yini, safe da dare. Mai shayarwa ta kula kada man ya taɓa jariri.

A makonnin farko mutane da yawa sukan ji ƙaiƙayi ko ɗan raɗaɗi bayan sun shafa, fatar ta ɗan bushe. Wannan yakan ragu da kansa. Idan ya dame ku, ku koma sau ɗaya a yini, da dare, har fatar ta saba. Lokacin hunturu abin ya fi tsanani saboda iska ta riga ta busar da fata. Sai a shafa mai marar nauyi bayan maganin ya bushe. Mai kauri irin na kitso kuwa a nisanta shi da goshi, domin shi kansa yana toshe ƙofofin fata. Idan fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a daina nan take a tafi gidan likita. Mai ciwon asma ya faɗa tun farko.

Babban abin da ke kayar da mutane shi ne gaggawa. Man kasuwa yana nuna aikinsa cikin kwana goma, wannan kuwa sai an yi kamar mako huɗu kafin a fara ganin sauyi, tabo kuma yana ɗaukar watanni. Da yawa sukan shafa mako biyu su ce ba ya aiki, su koma wa na da. Wasu kuma su lafta shi da yawa, suna zaton haka zai sa ya yi sauri, sai su sami raɗaɗi kawai, kwalin ya ƙare da wuri. Mahaƙurci shi ke dafa dutse ya sha romonsa. Idan an yi wata uku ana shafawa kullum ba a ga komai ba, sai a koma wurin wanda ya rubuta shi.

Rana tana ƙara wa tabo baƙi, tana tayar da rozase. Manomi ba zai bar gona saboda fuska ba, amma malafa mai faɗi tana taimakawa ƙwarai. Mata ma su sa ta a kan kallabi lokacin noma da girbi, ba abin kunya ba ne.

Wadda ta daɗe tana shafa kortizon kada ta ɓoye. Idan ta daina lokaci ɗaya, fuskar takan ƙara yin ja da zafi da ƙuraje na wasu makonni, kuma wannan ne yake sa mata su ce ba za su iya rabuwa da man ba. Ta ɗauki kwalin ta nuna wa ma'aikacin lafiya, shi zai tsara mata yadda za ta rage a hankali. Fatar da kortizon ya cinye ba ta jure sabon magani da wuri, don haka likita ne zai faɗi ranar da za a fara shafa asid azelayik.

Akwai inda wannan mai bai isa ba. Ƙuraje manya masu zurfi da ciwo, waɗanda suke barin rami ko tudu, suna bukatar maganin sha. Idan jan kumatu ya zo tare da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ko kuma an ga wani wuri a fata ya yi haske kuma ba a jin taɓi a kansa, wannan wata cuta ce daban, kada a tsaya shafe-shafe. A fara da gidan likita mafi kusa, su za su tura mutum babban asibiti idan abin ya fi ƙarfinsu.

Ba kowace farmasi ce take ajiye wannan magani ba, an fi samunsa a manyan birane, kuma ba shi da araha. Ku tambayi kuɗinsa, ku tambayi kwali nawa za ku bukata, tun kafin ku fara, don kada ku tsaya a tsakiya. Ku saye shi a farmasi da takardar likita, ban da wurin masu yawo da magani a tire cikin rana. Ku duba wata da shekarar da zai lalace, an rubuta su a gindin kwali. A gida kuma a ajiye shi cikin inuwa, nesa da murhu, inda hannun yara ba ya kaiwa.