Binciken Tarihin Gari ta Hanyar Tsofaffin Hotuna da Takardu: Misalin Damagaram

Mai binciken tarihin gari yakan dogara da abubuwa uku: bakin dattawa, rubutattun takardu, da hotuna. A nan za a duba biyun ƙarshe, tare da ɗaukar Damagaram, wato Zinder, a matsayin misali.

Takardun da suka shafi garin ba a wuri ɗaya suke ba. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, shekara guda bayan kashe Kyaftin Cazemajou, kuma garin ya zama hedkwatar yankin Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a mai da ita Yamai. Saboda haka rahotannin kumandoji suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai, wasu suna Dakar inda babban gwamna yake zaune a lokacin, wasu kuma suna Aix-en-Provence a Faransa. Rubutun sunan ma yakan wahalar da ɗalibi: wanda ya nemi Zinder kaɗai zai tsallake takardun da aka rubuta Sinder.

Abu mafi muhimmanci shi ne sanin wanda ya rubuta takarda da dalilinsa. A 1906 an zargi Sarki Amadu ɗan Bassa da ƙulla makircin hallaka Faransawa, aka tuɓe shi, aka kai shi Kwaddibuwa. Takardun shari'ar, waɗanda suka tuɓe shi ne suka rubuta su, kuma maganar kowane shaida sai da ta bi ta bakin tafinta kafin ta hau takarda. Wannan bai sa a jefar da su ba, domin suna ba da rana da suna, abin da baki yakan mance. Amma ba a karɓar hukuncinsu sai an gwada shi da abin da zuriyar fada da malaman gari suka riƙe. Haka André Salifou ya haɗa takardu da labaran baka a littafinsa na 1971 kan Damagaram.

Hoto kuwa ya fi takarda saurin yaudara, don ido yakan gaskata abin da ya gani. Hotuna da yawa na farkon mulkin mallaka katunan gidan waya ne, kuma hatimin da ke jikinsu ranar aikawa yake nunawa, ba ranar ɗauka ba. Mai buga kati yakan yi shekaru yana sake buga hoto ɗaya. Bayanin da ke ƙasan hoton ma abin bincike ne. Idan an rubuta cewa sarkin Zinder ne, sai a tuna daga 1906 zuwa 1923 babu sarki a gadon. Ballama, bawan fada, Faransawa suka ɗora, sai a 1923 aka naɗa Barma Mustafa. To, wane ne a hoton?

Amsar takan fito daga bayan mutumin. Ganuwar Birni, wadda ake jingina ƙarfafa ta ga Sarki Tanimu, ta yi ta zubewa a hankali, don haka tsayinta a hoto yana iya nuna zamani. Duwatsun garin ba sa motsi, da su ake gane inda mai hoto ya tsaya, ko a Birni ko a Zango. Daga nan sai a ɗauki kwafin hoton a kai wa dattawan unguwar, a rufe bayanin Faransancin da hannu, a bar su su fara faɗin abin da suka gane.