Yadda Ake Gane Kamfanin da Ya Ƙera Tsohon Keke

Daga Gidan Rumji zuwa Agye har Gazawa, da wuya ka shiga ƙauye ba ka tarar da wani baƙin keke jingine a zaure ba, wanda kakan gida ya saya da kuɗin gyaɗa. Tambayi sunansa, a ce maka Rali ne. Sau da yawa ba shi ba ne, don mutanenmu kusan duk keke mai birkin sanda Rali suke ce masa.

Wurin dubawa na farko shi ne tambarin da ke goshin keken, ƙasa da kai. Raleigh, wato Rali, ta birnin Nottingham a Ingila kan zalɓe take sawa. Peugeot ta Faransa, wadda ta fara keke a 1882, zaki ne nata. Phoenix ta Shanghai tsuntsu ne mai baza wutsiya, Flying Pigeon ta Tianjin kuwa tantabara. Hero daga Ludhiana ta Indiya take, tun 1956.

Sai dai tambari yana ƙarya. 'Yan ƙusoshi ne suka riƙe shi, kowane mai faci yana iya cire shi ya manna wa wani keke. Kamfanonin Sin da Indiya kuma siffar Rali suka kwaikwaya, daga nesa ba ka rabe su. Sirdi, feda, taya da kariya ma ba shaida ba ne. Keken da ya shekara hamsin yana kai gero kasuwar Cadawa an sake masa waɗannan ba adadi.

Gangar jikin ita ce ba ta canzawa. A kankare tsatsa da fenti a gindin sirdi ko ƙarƙashin mahaɗar feda, akwai lambar da aka buga a ƙarfen. Tun daga 1974, lambar Rali da ta fara da N ta nuna Nottingham. Farantin sarƙa na asali shi ma an huda shi da siffar zalɓe, idan ba a sauya shi ba. Kada a manta Raleigh ta yi masana'anta a Kano, saboda haka Ralin da ya shigo ta Jibiya yana iya zama na gaske ba tare da ya taɓa ganin Ingila ba.

Kafin ka kankare, sa kananzir da tsumma. Takardar yashi tana cinye lambar tare da tsatsar.