Muturu, Saniyar da Ba Ta da Tozo

Ranar da aka sauke min shanuna a 'yar gonata da ke bayan Kafanchan, maƙwabcina Bafulatani ya zagaya su sau biyu, ya dogara sandarsa, ya ce, "Malam, ga maruƙa, ina iyayen?" Na ce masa ai su ne iyayen, gajere ba yaro ba ne.

Muturu ke nan. Da ƙyar take kai wa babban mutum ƙugu, ba ta cika wuce mita ɗaya a tsayi ba. Baƙa ce, ko baƙa mai dabbaren fari, ƙahonta gajere, bayanta a shafe. Duk da wannan ƙanƙanta, ita ce 'yar gida. Irinta marasa tozo sun riga Bunaji da Rahaji da Gudali zama a Afirka ta Yamma.

An ce nagge daɗi goma. Idan a ƙwarya za a auna, muturu ba ta cika goman ba, don nononta da ƙyar yake isar ɗanta, mai tallar fura ba ta da rabo. Nata daɗin a kurmi yake. Inda ƙudan tsando ya yi yawa, cizonsa kan sa wa manyan shanu sammore, su rame, gashi ya tashi, su kwanta. Muturu kuwa ƙwayar cutar na cikin jininta tana kiwonta, tana haihuwa. Kaska ma ba ta cika kayar da ita ba. Daminar bara maƙwabcina ya sha sayen allura, ni kuwa gishiri da dusa kaɗai na saya. Tun daga nan ya daina dariya, ko da yake har yau "awakinka" yake ce musu.

Su Tibi da Ibo sun san darajarta, ba don nono ba. A ƙasar Ibo ita ce saniyar da ake yankawa a jana'izar manya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya cinye da yawa daga cikinsu a can, yunwa ba ta barin na gobe. Amma abin da ke ƙarar da ita yanzu ba wuƙa ba ce, barbara ce. Kowa na son babban maraƙi mai tsada a kara, sai a sakar mata bijimi mai tozo. Ɗan ya fito da girma, juriyar ta ragu, jika kuma sai ya tashi kusan Bunaji sak. Kyan ɗa ya gaji ubansa, to wane uban?

Shi ya sa shingen ƙayata ya fi na kowa tsawo a unguwar. Duk da haka, ran nan da asuba na tarar da farin bijimin maƙwabcina tsaye a bakin shingen, yana shinshina iska. Da hantsi na sa aka ƙaro ƙaya amalanke biyu.